Jifan mashi a gasar duniya, da filin da ya rage mana a Rijiyar Zaki

An tsara wannan sharhi ne musamman saboda mutanen Rijiyar Zaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a cikin ƙasar Ungogo.

Ranar Alhamis, 8 ga watan Agusta na shekarar 2024, bayan an idar da sallar Magariba a nan ƙasar Kano, damina ta yi tsaka, manomi ya dawo gida da fartanya a kafaɗa, a can birnin Faris na ƙasar Faransa waɗansu mazaje goma sha biyu suka hallara a babban filin wasa, domin a tabbatar a gaban shaidu wanda ya fi dukan 'yan Adam nisan jifa da mashi a gasar Olamfik. A cikinsu akwai Neeraj Chopra, mutumin Indiya, wanda kambin yake hannunsa tun gasar Tokyo; akwai Anderson Peters na tsibirin Girenada, wanda ya ci gasar duniya sau biyu; akwai Julius Yego na Kenya, dattijon fagen; akwai kuma wani ƙaƙƙarfan saurayi daga Pakistan mai suna Arshad Nadeem, ɗan wani magini daga yankin Mian Channu na lardin Punjab. Jifansa na farko bai karɓu ba. Da aka zo na biyu, sai ya taho da gudunsa na natsuwa, ya kafe ƙafar hagu, ya saki mashi, mashin nan ya yi ta keta iska har ya je ya soke ƙasa a nisan mita 92 da santimita 97, watau ya shafe tarihin mita 90 da santimita 57 da Andreas Thorkildsen na Norwe ya kafa a Beijin tun 2008. Chopra ya zo na biyu da mita 89 da santimita 45, Peters na uku, Yego na biyar. Da aka kammala, Arshad ya kai goshinsa ƙasa ya yi sujudar godiya ga Ubangijinsa, duniya tana kallo. Pakistan rabonta da zinariya a Olamfik tun 1984, kuma ba ta taɓa samun ta a wasan da mutum ɗaya ke yi shi kaɗai ba sai a wannan dare.

Kafin mu shiga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, ya kamata mu bayyana wa mai sauraro yadda wasan yake, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Mashin maza nauyinsa giram 800 ne, tsawonsa tsakanin mita 2 da santimita 60 zuwa mita 2 da santimita 70, da tsinin ƙarfe a gaba, da igiya naɗe a tsakiya inda ake riƙewa. Mai jifa yana da hanya ta gudu mai faɗin mita 4, wadda tsawonta ba ya kasa mita 30, a ƙarshenta an ja layi wanda idan ƙafarsa ta taɓa shi ko ta ƙetare, jifan ya ɓaci kome nisansa. Sharaɗi ne a jefa mashin ta saman kafaɗa, sharaɗi ne kada mai jifa ya juya baya ga filin kafin mashin ya bar hannunsa, sharaɗi ne kuma kan ƙarfen ya riga sauran jikin mashin taɓa ƙasa, a cikin iyakokin da aka shata. A wasan ƙarshe kowa yana da jifa uku, sa'an nan a ware takwas da suka fi nisa a ƙara musu uku uku, kuma jifa ɗaya tak, mafi nisa, shi ake rubuta wa mutum.

Mai kallo daga nesa yana iya zaton ƙarfin damtse ne kawai, alhali kuwa masana wannan fanni sun yi ittifaƙi a kan cewa hannu shi ne na ƙarshe a cikin gaɓoɓin da ke aiki. Ƙarfin yana tasowa ne daga gudu, ya bi ta takun nan na gicciye da mai jifa yake yi sa'ad da ya miƙar da mashi baya, har zuwa lokacin da zai kafe ƙafar gaba cak, sai dukan saurin da ya tara ya haura ta ƙugu, ya bi ƙirji, ya shiga kafaɗa, ya fita ta 'yan yatsu, kamar dai yadda bakan maharbi ke tanƙwaruwa ya tara ƙarfi kafin ya saki kibiya. Mashin gwanaye yana barin hannu da saurin da ya wuce kilomita 100 a cikin sa'a guda. Saboda haka ne gwiwar hannu da kafaɗa da gadon baya suke shan wahala ƙwarai a wannan wasa, saboda haka ne kuma yaron da ya koya ba tare da malami ba yakan lahanta kansa tun bai kai ko'ina ba.

An daɗe ana ɗaukar wannan wasa gadon mutanen arewacin Turai. Tun da aka shigar da shi gasar Olamfik a Landan cikin 1908, inda Eric Lemming na Suwidin ya ci, mutanen Suwidin da Finlan da Norwe da Jamus da maƙwabtansu suka riƙe shi shekara da shekaru. Mutanen Finlan har sun kwashe na ɗaya da na biyu da na uku gaba ɗaya a 1932, kuma hasumiyar filin wasansu na Helsinki an gina ta da tsawon mita 72 da santimita 71, daidai da nisan jifan da gwarzonsu Matti Järvinen ya ci zinariya da shi a wannan shekara. A 1984 wani mutumin Jamus ta Gabas, Uwe Hohn, ya jefa mashi mita 104 da santimita 80, abin da ya tsorata hukumar wasan, domin filin ya kusa kasa ɗaukar jifan, ga kuma jayayya da ake yawan yi a kan mashin da ya faɗi a kwance. Saboda haka daga 1986 aka matsar da cibiyar nauyin mashi gaba da santimita 4, don ya riƙa sunkuyawa da wuri ya soke ƙasa. Da wannan sabon mashi ne Jan Železný na ƙasar Cek ya jefa mita 98 da santimita 48 a garin Jena cikin 1996, ya kuma ci zinariyar Olamfik sau uku a jere, 1992 da 1996 da 2000.

To, a zamaninmu al'amari ya juya, kuma juyin nan shi ne abin lura. Marius Corbett na Afirka ta Kudu ya ci gasar duniya a Atina cikin 1997, mutane suka ɗauke shi abin da ya faru sau ɗaya. Sai ga Keshorn Walcott, yaro ɗan shekara 19 daga Tirinidad da Tobago, ya ci zinariya a Landan cikin 2012, ya kuma dawo bayan shekara 13 ya ci gasar duniya a Tokyo cikin Satumbar 2025 da mita 88 da santimita 16, Anderson Peters yana bin bayansa. Girenada, ƙasar Peters, dukan mutanenta ba su kai yawan mutanen ƙaramar hukumar Ungogo ba. Chopra ɗan manoma ne daga ƙauyen Khandra kusa da Panipat. Arshad kuwa, an ruwaito cewa a farkon lamarinsa 'yan uwa da mutanen ƙauyensu ne suke haɗa masa kuɗin mota zuwa wuraren gasa, kuma watanni kaɗan kafin Faris shi da bakinsa ya bayyana cewa mashi ɗaya yake amfani da shi shekaru da dama har ya lalace.

Amma wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Julius Yego. An haife shi a 1989 a ƙasar Nandi ta Kenya, ƙasar da kowane yaro burinsa ya zama mai gudun dogon zango, ya tashi yana kiwon shanun mahaifinsa yana sassaƙa itace yana jefawa. Da ya girma ya rasa malamin da zai koya masa, sai ya riƙa shiga shagunan intanet yana biyan kuɗi, yana kallon hotunan Železný da Thorkildsen a YouTube, yana nazarin takunsu da riƙonsu, ya fita fili ya gwada, ya dawo ya sake duba inda ya kuskure. Da haka ya ci gasar Afirka a Maputo cikin 2011. Daga nan ne aka ba shi dama ya tafi Finlan, inda malami Petteri Piironen ya gyara masa abin da ido kaɗai ba ya iya gyarawa. A 2015, a gasar duniya ta Beijin, ya jefa mita 92 da santimita 72, ya faɗi rub da ciki a bayan layi saboda ƙarfin jifan, ya tashi yana zakaran duniya; na biyu a ranar nan shi ma ɗan Afirka ne, Ihab Abdelrahman na Masar. Mu lura da tartibin abin: himma ta fara, sa'an nan malami ya cika. Wanda ya ɗauki rabin farko na labarin ya bar na biyu bai yi wa Yego adalci ba.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya gaba ɗaya ba. Pius Bazighe ya riƙe tarihin ƙasa tun 1999 har fiye da shekara 20, sai Chinecherem Nnamdi ya zo ya wuce shi, kuma a watan Maris na 2024, a gasar ƙasashen Afirka da aka yi a Akara ta Gana, Nnamdi ya ci zinariya da mita 82 da santimita 80, Yego da kansa yana na biyu. Muna taya shi murna da zuciya ɗaya, ɗan ƙasarmu ne. Sai dai wajibi ne mu tambayi kanmu, mu mutanen Arewa, mu da kakanninmu suka kafa dauloli a kan doki da mashi a hannu, me ya hana a ga ɗanmu a wannan fage.

Ai mashi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma mai hankali ya san ba a neman sulke sai inda ake jifa da suka. Maƙeranmu sun san asigiri, sun san kasausawa, mafarauta sun san sango. Tagwayen masu suna cikin kayan sarautar Kano har gobe, kuma duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga barade sun sako dawaki a guje suna jinjina masu a gaban Sarki, ya ga ragowar wata fasaha wadda a dā ita ce tsaron ƙasa. Tun da bindigar Turawa ta karya rundunar Kano a 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka ƙare a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, mashi ya tashi daga makami ya koma ado. An ci gaba da ɗaukarsa, an daina jefa shi. Dambe da kokawa sun sami masu riƙe su, sun sami makaɗa da fage da 'yan kallo, har ana nuna su a talabijin. Jifa kuwa aka bar wa yara.

Yaran kuma ba su bari ba, kuma a nan ne Rijiyar Zaki ta shigo cikin magana. Duk wanda ya tashi a wannan yanki, tun daga bakin titin Gwarzo har ƙauyukan da ke ciki, inda gona ke jingine da gona babu daji a tsakani, ya san abin da yara suke yi da kaka idan an yanke dawa: a zaɓi kara mai kauri miƙaƙƙe, a fere shi, a ja layi a ƙasa, a yi ta gasar wanda nasa zai fi nisa har duhu ya raba. Ya san yaron da ake aikawa korar tsuntsu a gonar gero da majajjawa, wanda yake wuni yana jifa tun hantsi. Ya san samarin farauta da rani, waɗanda ke sakin ƙere a kan zomo yana tsakiyar gudu. Waɗannan kafaɗu, wallahi, irin su ne malaman Finlan suke nema da fitila, domin saurin hannu baiwa ce da Allah yake ajiyewa a jikin yaro, horo yana ƙara ta ne kurum, ba ya ƙirƙiro ta. Abin baƙin ciki shi ne yaron da yake da wannan baiwa yakan girma ya tsufa bai taɓa jin cewa a duniya akwai wata gasa da ake ɗaga tutar ƙasa saboda ita ba.

Wataƙila wani dattijo mai tsantseni ya ce, shin wannan ba lagawu ba ne, wasa da ɓata lokaci? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun riga sun amsa ta. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari da Sahihu Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masunsu a cikin masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, yana kallo, Nana A'isha Uwar Muminai tana kallo ta bayansa, kuma da Sayyadina Umar ya nufi hana su sai aka umarce shi ya ƙyale su. An kuma san cewa akan kafa masa ɗan gajeren mashi a gabansa ya zama sutura a filin Idi. Mutanen Habasha sun shahara da jifan mashi tun a wancan zamani. Wahshi, wanda mashinsa ya yi sanadin shahadar Sayyadina Hamza ranar Uhudu, bayan Allah ya shiryar da shi, da irin wannan jifa ya kai Musailamatul Kazzabi ƙasa a yaƙin Yamama. Fuƙaha'u sun buɗe babi na musamman a kan musabaƙa, kuma a Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu na zaure suke karantarwa, an halatta sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, idan wani mai kyauta ne ya fitar da ladan. Malaman mazhabar Shafi'i sun ambaci mashi ƙarara a cikin abin da ake gasa da shi. Abin da shari'a ta hana shi ne caca, da tsiraici, da shagala daga salla. Jifan mashi kuwa ba a dukan kowa a cikinsa, ba a zubar da jini, kuma babu ƙa'idar da ta hana mai jifa sa wando mai rufe gwiwa. A ra'ayina, a cikin wasannin zamani kaf, kaɗan ne suke da hujja a wajenmu irin wadda wannan yake da ita.

Saura mas'alar hali. Wasan ninƙaya yana buƙatar tafki na gini, tseren keke yana buƙatar dukiya, amma jifan mashi abu uku yake nema: mashi, da malami, da fili. Mashin gasa na ƙwararru yana da tsada, gaskiya ne, daga waje ake kawo shi. Amma na koyo, mai sauƙin nauyi wanda ya dace da yaro, ba ya fi ƙarfin makarantar sakandare ko ƙungiyar iyaye da malamai, kuma kafin a same shi gora miƙaƙƙiya da maƙeri ya sa wa kai ta isa a koyi riƙo da taku. Malami ma ba ya gagara: Jami'ar Bayero tana nan maƙwabtaka da mu, kwalejojin ilimi na Kano suna yaye malaman motsa jiki kowace shekara, wayar da Yego ya rasa har ya riƙa biyan kuɗin shago tana cikin aljihun samarinmu. Abin da ake bukata shi ne malamin ya san yadda ake kiyaye gwiwar hannun yaro, kada a ɗora masa mashin manya tun ƙashinsa bai ƙosa ba, kada kuma a sa shi jifa da dukan ƙarfinsa kullum.

Fili shi ne abin da nake jin tsoro a kansa, kuma shi ne ainihin dalilin wannan sharhi. Mutanen Rijiyar Zaki sun fi kowa sanin yadda birni yake tahowa. Gonar da aka nome bara, bana an yanka ta fulotai, baɗi an kewaye ta da bulo. Magada sun raba, dillali ya saya, awon igiya ya ratsa, kuma a cikin dukan wannan lissafi ba a cika jin wanda ya ce a bar wa yara wuri ba. Ba na zargin mai gona da ya sayar, domin bukata ce ta sa shi, kuma halalinsa ne. Amma mashi ba ya tashi a lungu. Yana son sarari mai tsawon filin ƙwallo, wanda babu mai gittawa, kuma wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin ko a gasar ƙwararru a birnin Rum cikin 2007 mashin Tero Pitkämäki na Finlan ya kauce ya soki Salim Sdiri, ɗan wasan tsalle na Faransa, a gefen baya, har aka kai shi asibiti. Idan haka ta faru a gaban alƙalai, yaya za a yi a inda awaki da ƙananan yara da masu tallan gyaɗa suke ratsawa? Saboda haka duk wanda zai fara wannan abu, ladabi na farko da zai koyar shi ne kowa ya tsaya a bayan mai jifa, ba a zuwa ɗauko mashi sai malami ya yi izini, a ɗauke shi kuma a tsaye, tsininsa yana kallon ƙasa.

Ina kira ga masu unguwanni da dagatai, da hakimi, da shugabannin ƙaramar hukuma, da attajiran da Allah ya hore wa filaye a wannan yanki, su dubi filayen makarantun firamare da na sakandare da suka rage, a shata iyakarsu, a rubuta, a hana kowa gutsurarsu da sunan shaguna ko ƙarin gini. Wanda yake neman sadaka mai gudana, waƙafin fili ga yaran unguwa ƙofa ce a buɗe, kuma filin da aka keɓe don motsa jiki shi ne zai zama filin Idi ranar Salla, ya zama wurin jana'iza da taron gari. Ina kira ga shugabannin makarantu, idan lokacin gasar wasanni ta gidaje ya zo, kada a tsaya a gudu da fareti kaɗai. A sa jifan mashi a cikin jadawali, a kawo ma'auni na gaskiya, a rubuta sunan yaro da shekarunsa da nisan jifansa a littafi, a aika wa hukumar wasanni ta jiha, domin ta wannan hanya ce yaro yake kaiwa filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, daga nan ya shiga gasar wasanni ta ƙasa wadda aka fara tun 1973, inda masu zaɓen 'yan wasan Nijeriya suke zuba ido.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da ƙasa ta bushe, sarari ya buɗe, iskar hunturu ba ta yi tsanani ba tukuna. Malami ɗaya, da yamma biyu a mako tsakanin La'asar da Magariba, da yara 'yan shekara 12 zuwa 15, da izinin iyayensu da na mai gona, sun isa a buɗe littafin.